Ranar da Yaya Ya Dafa Ƙasa

An ce mu Sakkwatawan Makka ba mu iya dambe ba, zubar da mutane kawai muka iya. Kanawa ne suka fara faɗin haka, su da ba su rasa abin faɗi, amma ban isa in ce ƙarya suka yi ba. Namu in ya shiga fili ba ya rawa, ba ya zagaye, ba ya yi wa kowa murmushi. Zai miƙa hannun hagu ya auna mutum, ya jira, ya saki na dama sau ɗaya, a zo a ɗauke. Wanda ya sunkuya gyara takalmi sai dai a ba shi labari. To mutum ya baro unguwarmu ta Mansur cikin rana, ya sha jijjigar mota, ya zo ya ga naushi guda, ai dole ya yi tsaki.

Maganar shekarun sittin nake yi, lokacin da ake ta rushe gidajen da ke jikin Masallaci ana faɗaɗa shi. Ni da yayana mahauta ne, gadonmu ne tun gida, kuma mahauci duk inda ya je da dambensa yake tafe. Ta Sudan muka shigo, muka sauke farali, muka zauna babu takarda kamar yawancin maƙwabtanmu. Kwanakin layya muna Mina, wuƙa ba ta hutawa, mu ma haka. In alhazai suka watse gari ya yi shiru, sai hannu ya fara ƙaiƙayi.

Dattawanmu ba su hana ba, amma sun kafa sharaɗi. Ba a zubar da jini cikin Harami, ba a kuma yin faɗa a watanni masu alfarma. Saboda haka sai mu haƙura Muharram ya wuce, mu ɗauki Jumma'o'in Safar. Bayan an sauko daga masallaci wani Bayamane mai motar ɗaukar duwatsu zai kwashe mu, mu wuce Ka'akiyya, mu miƙa hanyar Yaman har mu bar alamun iyakar Harami a baya, mu sauka a wani kwari mai yashi. Wuƙa a gida ake barinta, wannan doka ce. Kalangu guda muke da shi, na wani tsoho, cikin buhun albasa yake tafiya ya dawo.

Ɓangare huɗu muke. Akwai mu, da Kabawa da Zamfarawa da Gobirawa a bayanmu. Akwai Kanawa da Katsinawa, masu kirari mai tsawo da dambe gajere. Akwai waɗanda muke kira 'yan hanya, mutanen da suka shekara da shekaru a Chadi da gonakin audugar Sudan kafin su iso, rana ta gasa su, ba sa dariya sai da dalili. Sai kuma 'yan Makka, yaran da aka haifa a nan, Hausarsu rabi Larabci, waɗanda suka tashi da wasan sandan mutanen Hijaz da ake kira mizmar. Ƙarfi dai kowa ya san wurinmu yake da wurin 'yan hanya. Amma in kallo kake so, yaran Makka za ka jira. Sai su yi ta juyi da tsalle kamar ba duka ake shirin yi musu ba, a yi turmi uku babu wanda ya faɗi, jama'a na ta ihu. Ni abin haushi yake ba ni, amma ko ni ba na ɗauke ido.

A gida dambe ba shi da gobe. Ka ga wanda kake jin za ka iya da shi ka nuna shi, in ya yarda ku shiga. In ya fi ƙarfinka ka ƙi, ba wanda zai zage ka. In an yi turmi uku ba kisa, wato ba wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, a raba ku, ku rungumi juna, kowa ya koma gindin mutanensa. Shi ke nan magana ta ƙare.

A shekarar da nake ba da labari, wani yaro ɗan makaranta cikin 'yan Makka ya zo da sabon tsari. Wai haka suke yi a gasar ƙwallon kwando ta makarantu: a haɗa biyu biyu, wanda aka ci ya fita, wanda ya ci ya haɗu da wani wanda ya ci, har a rage mutum ɗaya, a san ɓangaren da ya fi. Babu ƙi, babu kunnen doki. Sarkin dambenmu wani dattijon Bakano ne mai son taro kamar ransa, nan take ya ce wannan shi ne wayewa. Mu ma muka yarda, don mun tabbata sunan Sakkwato za a kira a ƙarshe. Ba wanda ya zauna ya yi tunanin cewa ƙwallo ake jefawa a kwando a can, mu kuwa kan mutum muke duka.

Kafin in kai ga filin sai na faɗi wace ce Inna. Ranar da muka iso Mansur ba mu san kowa ba, ƙafafunmu a kumbure, ita ta ba mu ɗaki a gidanta na kwano da katako, ta ciyar da mu har muka samu wurin yanka. Bakanuwa ce mai sayar da waina da kunu a bakin titi, mijinta ya rasu tun da daɗewa, ya bar mata ɗa guda da aka haifa a unguwar Tandabawi. Yaron bai kai ashirin ba, dogo ne siriri, ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. A mizmar babu kamarsa a unguwar. Yayana yake kira khali, wato kawu, kuma Yaya ne ya koya masa yadda ake naɗa zare a hannu, abin da daga baya ya ce da ya sani da bai yi ba.

Aka fara zubar da juna. Ƙuri'a ta yi mana mugunta, ta tara masu ƙarfi gefe guda suna cin junansu, ta bar ɗaya gefen wa masu rawa. Ni tun Jumma'ar farko aka yi waje da ni. Wani ƙato ne cikin 'yan hanya, wanda aka ce ya yi dako a tashar jirgin ruwa kafin ya tsallako, ya damƙi ƙeyata da hannun hagu ya riƙe kamar zai yanka rago, ya sakar mini na dama a kunne. Har yau kunnen nan yana yi mini ƙara in na kwanta a kansa. Shi kuwa yaron Inna ya yi ta haɗuwa da Kanawa da 'yan uwansa masu juyi, yana gajiyar da su da rawa, yana sa musu ƙafa suna faɗuwa. Jama'a suka haukace a kansa. Da aka rage mutum huɗu, ga Yaya, ga ƙaton, ga wani Bakano, ga yaron Inna. Aka sake ƙuri'a, ta haɗa Yaya da yaron.

Ranar Alhamis da hantsi Inna ta zo har wurin yankanmu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya nesa da jinin, ta kira Yaya. 'Yar mahauta ce ita ma, ta san dambe tun tana ƙarama, ba ta zo roƙon banza ba.

"Ba cewa na zo yi ka bar masa ba," ta ce. "Ka kayar da shi. Naushi ɗaya irin naku marar daɗin kallo, ya sha ƙasa, ya dawo mini da ƙafarsa. Shi kaɗai gare ni, ka sani."

Yaya ya goge hannunsa a riga. "Inna, kwantar da hankalinki. Turmin hwarko za ni aje shi, in Allah ya so. Ko haƙori ba shi rasawa."

Na gaskata shi, don na sha ganin ya yi. Yaya ya san inda ake taɓa mutum ya zauna ba tare da an lalata shi ba.

Jumma'ar nan motar Bayamane sai da ta yi sawu ta koma. Har waɗanda ba Hausawa ba sun zo, sun hau kan duwatsu. Ni na naɗa wa Yaya zare, na ji hannunsa a sake, ba kamar yadda na saba jin sa ba. Yaron ya shigo fili da rawa, abokansa na buga sanduna a ƙasa suna kiran sunan unguwarsu. Yaya ya miƙa hagu ya tsaya kamar kullum. Yaron ya zagaye shi, ya kai masa shuri, ya kai masa wani naushi da ya goga kafaɗa, jama'a suka ɗauki ihu. Yaya ya bari sai da ya matso, ya sakar masa a muƙamuƙi.

Na san naushin Yaya, na san wannan ba duka ya saki ba, ya rage saboda Inna. Amma ko haka ya isa. Yaron ya yi baya taga-taga, idonsa ya juye, ƙafafunsa suka harɗe. Da ɗan gida ne da nan ya dafa ƙasa. Mu a wurinmu wanda ya ji irin wannan ya san an fi shi, ya sa hannu a yashi, ya tashi ya kakkaɓe, ba abin kunya ba ne, manyan 'yan dambe duk sun yi. Su yaran nan ba haka suka tashi ba. A wasan sandansu wanda ya faɗi gaban taro ba shi kaɗai ya faɗi ba, unguwarsa ce duka, sai a shekara ana yi musu waƙa da shi. Yaron ya girgiza kai kamar wanda ya fito daga ruwa, ya tsaya, har ya ƙara taka rawa.

A turmi na biyu Yaya ya ƙara nauyi. Hancin yaron ya fashe, na ji ƙarar daga inda nake tsugune, jini ya wanke masa ƙirji. Bai faɗi ba. Suka rungumi juna, kuma da yake kusa da ni suke na ji abin da suke faɗi.

"Dafa ƙasa, yaro. Dafa, mu tahi gida."

"La wallah, ya khali. Aibu ne."

"Uwarka na jiranka."

"Khalas, shi ke nan, ka buga kawai."

Turmi na uku girarsa ta tsage, idon hagu ya rufe ruf. Yana kai naushi inda babu kowa. A gida da nan za a raba, a ce ba kisa, a yaba wa yaron taurin rai, kowa ya tafi da mutuncinsa. Mai rabawa ma har ya ɗaga hannu, sarkin dambe ya daka masa tsawa, ya ce sabon tsari ba ya da kunnen doki, sai wani ya faɗi. Jama'a suka goya masa baya. Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba, kuma ban taɓa tsanar mutane irin yadda na tsane su a lokacin ba. Mutanen da muke sahu ɗaya da su ɗazu a masallaci, ga su suna tsalle don ɗan maƙwabciyarsu na zubar da jini.

Aka koma. Yaya ya miƙa hagu, ya tsaya yana kallon yaron. Na san abin da yake aunawa. Naushin da zai kayar da wanda ya ƙi faɗuwa irin haka, shi ne naushin da ba a tashi bayansa. Ya daɗe a tsaye har aka fara yi masa eho. Sai kawai ya sunkuya, ya shimfiɗa tafin hannunsa na hagu a kan yashi, ya bar shi nan yadda kowa zai gani. Mutumin da tun daga gida ba a taɓa kai shi ƙasa ba.

Nan take 'yan Makka suka ɓarke, suka ɗaga yaron sama, jininsa na ɗiga a kan rawunansu. Namu kuwa suka yo kan Yaya. Dattijon ɓangarenmu, wani Bakabe da ya girmi ubanmu, ya wanka masa mari gaban kowa, ya ce ya sayar da Sakkwato a kan waina. Wani ya jefo dutse ya same shi a goshi. Ban san lokacin da na shaƙe wani ɗan garinmu ba, muka yi ta birgima cikin yashi har aka ɓamɓare mu. Yaya bai ɗaga hannu ba. Yana zaune yana warware zarensa, kuma wallahi fuskarsa a sake take, kamar wanda ya sauke kaya.

Saboda wannan rigima ba mu ga ɗaya damben da kyau ba. Na dai hango ana ɗauke Bakanon nan a kan tabarma, yana riƙe da haƙarƙarinsa, ƙaton na tsaye ko numfashi bai canza ba. Sai a mota, muna zaune can baya inda ba wanda ya yarda ya matso kusa da mu, abin ya faɗo mini.

"Yaya, Jumma'a mai zuwa hwa?"

"Mi yar rage? An ƙare. Yaro ya koma ga uwarshi."

"Ba a ƙare ba. Wanda yac ci shi ka zuwa gaba. Da ƙaton ga za shi haɗuwa."

Ya dube ni kamar da wani yare na yi magana. Ya san tsarin, a gabansa aka kafa shi, amma a cikin fili damben gida ne a kansa, wanda in an dafa ƙasa magana ta mutu. Na ga lokacin da abin ya shige shi. Ya kama ƙarfen motar da hannu biyu har Mansur.

Makon nan babu inda Yaya bai shiga ba. Ya je wurin sarkin dambe ya ce a mayar da shi gurbin yaron, tunda kowa ya san yadda aka yi. Dattijon ya ce wanda ya dafa ƙasa ya dafa, kuma shi tunda yake bai taɓa ganin taro kamar na bana ba, ba zai ɓata wa jama'a ba. Yaya ya ce a soke damben ƙarshe, aka yi masa dariya. Ya je wurin ƙaton, a inda yake dakon buhuna a kasuwa, ya ƙasƙantar da kai, ya roƙe shi naushi ɗaya. Ina tare da shi. Ƙaton ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce su ma 'yan hanya an daɗe ana ce musu dambensu ba daɗin kallo, mutanensa sun gaji da jin haka, wannan karon za su ba jama'a abin da suke so.

"Ni ban ci wainar kowa ba," ya ce, ya saɓa buhunsa ya wuce.

Yaron kuwa bai kwana gida ba ko sau ɗaya. Abokansa suka tafi da shi Tandabawi suna gasa masa fuska da ruwan zafi, suna yawo da shi shago shago. Can muka same shi, hancinsa a karkace, idon bai gama buɗewa ba. Yaya ya ce masa ya ce ba shi da lafiya, kuma gaskiya ce, ba wanda zai ga laifinsa. Yaron bai yarda ya haɗa ido da shi ba.

"Kai ka ba ni, ya khali. Kullu wahid, kowa ya sani, suna dai yin shiru ne. In ban shiga ba za su ce ɗan Inna sadaka aka yi masa. Da ka buge ni ya fi."

"Na buge ka, kai ne ka ƙi hwaɗuwa."

"To yanzu ma ba zan faɗi ba."

Inna ba ta yi wa Yaya faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ci gaba da ajiye mana kunu da safe a bakin ƙofa, amma ta daina tsayawa mu gaisa. Ranar Jumma'a da za mu fita na gan ta zaune gaban tanda ba wuta, ƙullun waina na gefenta a rufe.

Ba zan ja labarin damben ƙarshe ba, don ba dambe ba ne. Yaron ya fito da rawarsa, amma ƙafar ba ta ɗaguwa kamar da. Ƙaton ya bar shi ya yi zagaye, ya bar shi ya taɓa shi, har ya yi kamar ya ji zafi don jama'a su yi ihu. Sannan ya miƙa hagu ya damƙi ƙeyarsa, irin damƙar da ya yi mini, ya fara. Ni sau ɗaya ya buge ni ya sake ni na faɗi. Shi bai sake shi ba. Ya buga a hancin da bai warke ba, ya buga a ido, ya buga a kunne, yana juyawa da shi don kowane gefe na taron ya samu gani. Bayan 'yan naushi ƙafafun yaron suka mutu, hannayensa suka zube a gefe. Ko yana so ya dafa ƙasa a lokacin ba zai iya ba, domin ƙaton ya fi shi tsawo kuma yana riƙe da shi a sama, gwiwoyinsa na lilo ba su kai yashi ba. Tunda bai taɓa ƙasa ba, a tsari dambe bai ƙare ba. Mai rabawa yana kallon sarkin dambe, sarkin dambe yana kallon jama'a. Abokan yaron suna ta buga sanduna suna cewa namu bai faɗi ba, namu bai faɗi ba.

Shiga fili ana cikin turmi babban laifi ne, ko uban mutum ba ya yi. Yaya ya ture na gabansa ya shiga da gudu, ya rungumi yaron ta ƙugu, ya fizge shi daga hannun ƙaton, ya maka shi da ƙasa, ya kwanta a kansa.

Daga nan kowa ya samu abokin gaba. 'Yan Makka suka ce an kayar musu da gwani da zalunci, suka shigo da sanduna. 'Yan hanya suka ce an ƙwace musu kisa. Namu da suke jin haushin Yaya tun makon jiya, wasu suka shiga kare shi, wasu suka shiga ramawa. Sanduna suka yi ta sauka a bayan Yaya, ina jin ƙararsu kamar ana bugun shinkafa, bai motsa daga kan yaron ba. Na tsaya a kansu ina kai duka duk inda hannuna ya kai, har wani ya samu bakina da gindin sanda, na tofar da haƙora biyu. Na ga an karya wa wani hannu a kan dutse. Na ga wani yaro yana rarrafe fatar kansa a ɗaye. Tsohon mai kalangu ya faɗi aka bi ta kansa, aka tattake kalangun. Allah ya taimake mu da dokar barin wuƙa a gida, don mahauta ne rabin wurin, da ranar sai an rasa masu ɗaukar gawa. Abin da ya raba mu Bayamanen nan ne, da ya tayar da motarsa ya fara tafiya, kowa ya tuna nisan da ke tsakaninsa da gari.

A cinyar Yaya yaron ya yi tafiyar, yana numfashi da ƙyar, jini na fita ta kunnensa. Asibiti bai zo a bakin kowa ba. Ko shi da aka haifa a nan ba shi da takarda, kuma da an tambayi inda aka yi wannan aika-aika, rabin Mansur za a kwashe. Muka isa gab da magariba. Inna na tsaye a ƙofa, ban san tun yaushe ba. Ta dubi ɗanta, ba ta yi kuka ba, ta ɗage labule ta ce mu sunkuya da shi a hankali, ƙofar gajera ce. Aka kira wani wanzami Bazamfare da ya iya ɗori, ya yi abin da zai iya, ya ce sauran na Allah ne.

Kwanaki yaron na kwance bai san inda yake ba. Yaya bai je wurin yanka ba, yana zaune a bakin ƙofar ɗakin, bayansa duk ya kumbura ba ya iya jingina. Inna na wuce shi ta shiga ta fita kamar ba mutum a wurin. Damben Safar kuwa daga shekarar nan ba a sake yi ba, kuma har yau in tsofaffin Mansur suka zauna ana gardamar ɓangaren da ya ci. Ni in aka fara sai in tashi.

Wata safiya yaron ya farka. Idon hagu ya tafi, bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa na gefe guda ba sa amsawa, kuma haka ya rayu. Inna ta leƙo ta ce mu shigo, yana magana. Muka durƙusa gefen tabarmar. Sai da ya maimaita kafin muka gane abin da yake tambaya.

"Shi ya kayar da ni?"

Na so Yaya ya yi shiru, ko ya ce eh, a wuce wurin. Amma Yaya bai iya wannan ba.

"A'a. Bai kashe ka ba, kana tsaye. Ni nas sa ka ƙasa."

Yaron ya daɗe yana kallonsa da ido ɗayan, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Sannan ya juyar da kai wajen bangon kwano.

Inna ta shigo da kofin kunu. Tun ranar dambensa da yaron ba ta yi wa Yaya magana kai tsaye ba, sai a lokacin. Ta miƙa masa kofin ta ce, "Ba shi, ni zan tallafe kan, ba na iya duka biyun." Ta zauna ta ɗora kan ɗanta a cinya ta juyo da shi. Yaya ya karɓa, ya kai kofin bakin yaron a hankali. Yaron ya datse haƙora. Kunun ya yi ta bin gefen bakinsa yana zuba a wuya, Inna na gogewa da bakin zane tana lallashinsa, bai buɗe ba. Yaya ya jira, ya sake gwadawa. Daga ƙarshe ya miƙo mini kofin, ya dafa bango ya miƙe, ya sunkuya ya fita. Sai da yaron ya ji takunsa ya yi nisa, sannan ya buɗe baki ya sha.